Layin Biro a Ƙafar Baba

Bari in fara da tawa wautar kafin in taɓa ta kowa, don na san duk ranar da aka karanta wa Gwaggo Asabe wannan labari, abin da za ta fara tambaya ke nan. Ni ne na tsaya a tsakar gidanmu a Samaru, na ɗaga kwalbar baƙin lemo sama kamar wanda ya ciyo kofi, na karanta wa jama'a Turancin da ke gabanta da muryar mai labaran rediyo. Na fassara musu cewa yana ƙara ƙarfi, yana da bitamin, babu giya a ciki. Sannan na ƙara da "yana ƙara jini", wanda ko kusa ba a rubuta ba. Kuma ba don Baba na yi ba. Masu lemon ne suka sa gasa a lokacin: a ƙarƙashin kowane marfi akwai harafi, wanda ya haɗa kalmar zai ci wayar hannu. Harafi ɗaya ya rage mini. Ina aji biyar a sakandare, na riga na zaɓi kiɗan da wayar za ta riƙa yi in an kira ni, duk da ban san wanda zai kira ni ba.

Babana tela ne, Malam Tanimu, a cikin kasuwar Sabon Gari. Keken ƙafa yake takawa tun kafin a haife ni. Da ƙafar nan ta dama muke ci, da ita ake biya mini makaranta. Shago ɗaya suke da Kawu Yohanna, mutumin Wusasa, wanda suka koyi ɗinki tare wurin maigida ɗaya. Ba mu haɗa jini ba, amma ban san ranar da na fara ce masa kawu ba.

Ciwon ya zo a shekarar nan da Babbar Sallah da Kirsimeti suka kusa haɗuwa, wato lokacin da tela ba shi da izinin yin ko mura. Ƙishirwa ce ta fara. Baba ya koma shan ruwa kamar raƙumin da ya dawo daga Agadas, sai kuma zirga-zirgar bayan gida har takalminsa ya haddace hanya. Ya rame. Da hannunsa ya rage ƙugun wandonsa, ya sake ragewa. Zare ya daina shiga allura sai Kawu Yohanna ya zura masa. Umma ta lura tururuwa sun kafa gari a bakin makewayi, amma ta ɗora laifin a kaina, wai ni ke zubar da rake a wurin. Mai kemis ɗin layinmu ya ce maleriya ce da taifot. Shi wannan bawan Allah ko karaya ka kai masa, maleriya ce da taifot.

Sai wata yamma Baba ya dawo, ya cire takalmi, Umma ta ga jini a ciki. Allurar keke ce karyayya ta shige masa babban yatsan dama. Tun safe yake taka feda da ita, ya hau bas da ita daga Sabon Gari har Samaru, bai ji komai ba. Ni na ce wannan jarumta ce. Daga baya aka gaya mana wannan rashin jin shi ne babban abin tsoro.

Nan Gwaggo Asabe ta shigo. Yayar Baba ce, tana zaune a Chikaji, ita ta riƙe shi bayan rasuwar mahaifiyarsu. Baba yana da furfura a gemu, amma in ta shigo gyara zama yake yi kamar ɗan firamare. Ta ja fatar idonsa ƙasa da yatsa, ta leƙa, ta saki.

"Babu jini. Ko na sauro babu. Ke Hajara, me kike ba ƙanena?"

Umma ta ce, "Yaya, yana ci wallahi, ramar ce dai."

"A samo baƙin lemo da madarar gwangwani. A haɗa, safe da yamma. Ko gawa aka ɗura wa sai ta yi kumatu."

A nan ne na ɗaga kwalba na yi wancan karatu nawa. Gwaggo ta dube ni da sha'awa a karo na farko a rayuwarta, ta ce ashe kuɗin makarantar ba duka ke tafiya a banza ba.

Yatsa dai ya ƙi warkewa, dole muka nufi asibiti. Wanda bai taɓa bin layin yankar kati ba kada ya ce ya san haƙuri. Mun isa rana ba ta gama fitowa ba, muka tarar da mutanen da nake zaton tun bara suke wurin. Ka bi layi a ba ka kati, ka bi wani layin a nemo fayil ɗin da aka buɗe yanzu amma ya ɓata, ka bi na biyan kuɗi, ka bi na ɗibar jini, ka dawo a ce likita ya shiga tiyata. A kan benci ɗaya na ci abincin safe da na rana, na kuma yi abota da wani yaro har muka ɓata muka shirya. Da likita ya ga takardar gwaji, sai ya cire tabarau ya dubi Baba.

"Malam, da ƙafarka ka zo?"

"Da bas muka zo, likita."

"Ciwon suga gare ka, kuma ya hau sosai. Ga magani. A riƙa wanke ciwon nan. A daina suga."

Iyakar bayanin ke nan, don akwai mutum ɗari a bayanmu suna huci. Ban ga laifinsa ba a ranar. Yanzu ina gani kaɗan.

Muka dawo gida aka yi bikin korar suga. Umma ta ɗauki gwangwanin suganmu, ta kai wa maƙwabta kyauta har da cokalin ciki. Shayin Baba ya koma salam. Kokon safe ya koma kamar hukunci. Amma baƙin lemo da madara suka ci gaba, safe da yamma, don a gidanmu suga shi ne wannan farin abu da ake ɗiba da cokali, ko mai ƙwaya na cikin kwali. Lemo kuwa lemo ne, magani ma ne. Harshena ya san abin nan zaƙi gare shi kamar ya tsinke, amma ban tsaya na tambayi harshen ba. Harafi nake nema.

Sai 'yan dubiya suka fara zuwa. Kun san mutanenmu, ba a zuwa hannu biyu. Kuma ni ne a zaure, ni ake fara tambaya, "Shamsu, me jikin nasa yake karɓa?" Ni kuma in marairaice in ce, "Wallahi baƙin lemo kawai." Teloli suka kawo. 'Yan masallacinmu suka kawo. Matan zumunta na cocin su Kawu Yohanna, waɗanda Baba ya shekara da shekaru yana ɗinka wa anko, suka zo bas guda da kiret biyu a ka, suka yi masa addu'a har Umma ta yi hawaye. Wasu suka haɗo da garin shayi mai cakulan, da lemon kwali, da biskit, da garin gulukos wai don ƙarfi. Baba kuma mutum ne da ba zai bari ka tafi ba ka ga ya taɓa abin da ka kawo ba. A gabanka zai sa a buɗe, ya kurɓa, ya ce, "Kai, wannan ya fi na kowa." Ni ina gefe da mabuɗi, ina cafe marafa kamar gola.

Kafin sati na uku ɗakin Baba ya fara wari. Yatsan ya yi baƙi, na kusa da shi ya bi sahu, ƙafar ta kumbura ta yi sheƙi. Muka koma. Wannan karon ba mu bi layi ba, warin ya buɗe mana hanya. Likita ya ga gwaji ya hau Umma da faɗa.

"Ba na ce a daina suga ba? Kashe shi kuke son yi?"

"Likita, na rantse da Allah ko ƙwaya babu a gidana."

"Haka kowa ke cewa."

Aka ba Baba gado a ɗakin maza, aka sa masa ruwa, aka fara allurai. Kafin likita ya wuce, ya zaro biro daga aljihu, ya kama ƙafar, ya zagaye ta da layi kaɗan ƙasa da idon sawu.

"Kada a wanke wannan. In kumburin nan ya tsallake layin, mun daina maganar yatsa. Daga ƙasan gwiwa za mu cire."

Ya mayar da bironsa ya yi gaba kamar ya sa hannu a takarda. Baba ya daɗe yana kallon layin. Can ya ce mini a hankali, "Ka ga hannunsa ko rawa bai yi ba? Haka nake jan alli a kan shadda."

Washegari Allah ya kawo mana Madam Rifkatu, mai kula da abincin marasa lafiya. 'Yar gajeruwa ce, tabarau a rataye a wuya, muryarta kuwa ta hedimasta. Ba ta tambayi Umma komai ba. Ta gaida Baba, ta durƙusa ta buɗe lokar gefen gado. Jama'a, kanti ne ya zubo. Kwalabe suka gangara har ƙarƙashin gadon maƙwabci, gwangwani ɗaya ya nufi ofishin nas-nas shi kaɗai.

Ta miƙe ta ce, "To. Waye mai karatu a gidan nan?"

Umma ta nuna ni da baki.

"Zo nan, ɗan boko. Karanta mini wannan."

Na gyara murya, na fara da ƙarfi da bitamin.

"Karatu na ce, ban ce ka yi musu talla ba. Sun biya ka ne? Juya ta."

Wannan kalma, "juya ta", ita ce abin da na tsira da shi daga asibitin nan. Na juya. A baya akwai wani rubutu ƙanana kamar ƙwan kwarkwata, wanda na shekara ina riƙe kwalba ban taɓa sanin yana nan ba. Ta sa yatsa a kan jerin abubuwan da aka haɗa lemon da su. Ta ce ba a jera su yadda aka ga dama, wanda ya fi yawa shi ke zuwa farko, a bi da na biye, har zuwa wanda aka ɗan barbaɗa. Na karanta: ruwa. Sai na tsaya.

"Ci gaba mana. Muryar rediyon ta ƙare?"

"Suga," na ce.

Bitamin ɗina da na yi ta shela yana can ƙarshen layi, a wurin 'yan barbaɗe.

Ta nuna mini wani ɗan akwati na lambobi. Na ga lambar suga ba ta da yawa, na ɗan samu ƙarfin gwiwa, na ce, "Madam, ai kaɗan ne." Ta ce in duba saman akwatin. Ashe lissafin na mil ɗari ne kawai, kwalbar kuwa ta ninka haka sau uku da ɗoriya. Wa ke shan kashi ɗaya cikin uku na lemo ya rufe ya ajiye? Da wane marfin, bayan yana aljihuna? Ta aika aka karɓo mata sugan shayin nas-nas da kofin gilashi da ƙaramin cokali. Ta ce duk giram huɗu cokali ɗaya ne, in yi lissafin in zuba. Na fara zubawa. Majinyatan ɗakin, waɗanda ba su da talabijin, suka ɗauki ƙirga da ƙarfi kamar 'yan aji ɗaya. Daga na bakwai na daina ji, hannuna ne kawai ke aiki. Da na gama ta ɗaga kofin ta nuna wa Umma.

"Kwalba ɗaya ke nan, ban sa madara ba. Sau nawa yake sha?"

Umma ta ce, "Biyu." Sannan ta ƙara, "Ban da na 'yan dubiya."

Cokalin ya suɓuce mini. Na sunkuya in ɗauka, aljihun rigata ya yi amai. Marafa suka watsu a siminti, ƙararsu kamar an zubar da kuɗin ciniki. Umma ta dubi marafan, ta dube ni, na ga lissafi yana haɗuwa a fuskarta, tun daga zaure har "wallahi baƙin lemo kawai".

"Na gasar waya ne," na ce, ba wanda ya tambaye ni.

Umma ta ce, "Allah ya sa wayar ta iya taka keke."

Baba ya ce dai in tsince marafan kada wani ya taka.

Madam Rifkatu ba ta bar ni na tsaya jin kunya ba. Ta zaunar da ni ta sa na juya duk abin da ke lokar. Garin shayi mai hoton yaro yana tsalle: suga a sahun gaba. Biskit mai hoton alkama: fulawa, suga, mai. Garin gulukos kuwa ta ce kada ma in wahalar da idona, sunansa ne a gaba. Ta ce suga yana da sunaye kamar ɓarawon da ya saba shiga hannu, wani wuri gulukos, wani wuri sukuros, wani wuri sirop, duk shi ne. Ta ce fulawa da sitaci ma in sun shiga ciki can suke komawa, don haka in riƙa duba layin kabohaidiret, kada in tsaya a na suga kaɗai. Ta ce in duba gishiri, saboda jinin Baba ma yana hawa. Abin da aka ƙulla a leda kuwa, ba suna ba rubutu, kada ya ƙetare ƙofar ɗakin.

Daga ranar na zama kwastan. Na sa kujera a bakin ƙofa, duk ledar da ta zo sai ta bi ta hannuna. Kuma a nan ne takaicina ya soma, bai kuma ƙare ba har yau. Don Allah masu yin kayan nan, wa kuke rubuta wa? Hoton saniya kun yi shi kamar a tatsa, abin da zai kashe mutum kun rubuta shi da ƙafar sauro, da ruwan azurfa a kan leda mai ƙyalli, a daidai inda aka liƙe bakin leda. Da tabaran Baba nake karantawa, ina karkata leda wajen taga kamar mai duba jabun kuɗi. Wasu ba su sa akwatin lambobin ba sam. Wasu sun ce lissafin na biskit biyu ne, a fakitin da ko jariri ba zai tsaya a biyu ba. Duka kuma da Turanci, alhali Umma da ke dafa abincin, ajami kawai ta iya. Na shiga wani kanti a Sabon Gari neman abin da Baba zai iya ci, na tarar mai kantin ya manna takardar farashi a daidai kan jerin. Ina kankarewa da farce ya taso.

"Yaro, saye ka zo ko jarrabawa? In karatu kake so, laburare na Samaru."

Na fito ban sayi komai ba, don babu abin saye.

'Yan dubiya kuwa suka tsane ni. Wani abokin Baba ya ce tun ina tsumma yake zuwa gidanmu, yau ni zan caje shi. Wata ta ce an mayar da ita mayya. Kawu Yohanna ma ya zo da wani lemon kwali mai tsada, yana murmushi, yana nuna mini gaban da yatsa.

"Ɗana, wannan ka bar shi ya wuce. Dubi, sun rubuta ba a ƙara suga ba. Har kanti uku na shiga."

Na juya. Lambar ba ta da nisa da ta baƙin lemo.

"Kawu, ba su ƙara ba, amma ba su cire na cikin 'ya'yan itacen ba."

Ya karɓa, ya duba gaba, ya duba baya, ya ce, "Amma mutanen nan ba su da tsoron Allah." Ya zauna a bencin waje ya shanye abinsa don haushi. Washegari matarsa ta aiko da tuwon acca da miyar kuɓewa, ta kuma ci gaba da aikowa har muka bar asibiti. Shi kuma ya kwashe ɗinkin Sallah da Baba ya karɓa ya haɗa da nasa na Kirsimeti, yana taka keke biyu, bai taɓa kawo maganar ba. Allah ya saka masa. Duk da haka sai da aka sayar da keken surfanin Baba, wanda yake da shi ban da na ɗinki, don allurai da gwaji da kayan wanke ciwo ba sa jiran kowa, kuma rabin abin da aka rubuta sai a ce babu, a je kemis na waje.

Saura Gwaggo. Ba ta nan ranar kofi, don haka na sake yi mata wasan daga farko, har da cokali. Ta kalla har ƙarshe.

"Ka gama? To wanda ka zuba fari ne. Lemona baƙi ne. Wa ya ga sun zuba?"

"Gwaggo, su da kansu suka rubuta."

"Da can da ka ce yana ƙara jini ba su suka rubuta ba?"

Ƙaryata ce ta dawo ta zauna a kujerata. Na gaya mata ni na ƙara wannan, ta ce yanzu ne nake ƙarya, 'yar gajeruwar nan ce ta juya mini kai. Na ƙwace kwalba biyu a jakarta, ta ce a gaya wa Hajara ta haifi ɗan sanda.

A lokacin kowace safiya abin da muke fara dubawa shi ne layin biro. Nas takan sake bin sa in ya dushe. Kumburin yana matsowa a hankali, har ya rage bai fi faɗin yatsana ba. A irin wannan safiya Gwaggo ta shigo da filas ɗin shayi. Ta miƙo mini shi da kanta, tana murmushi.

"Malam mai karatu, ga shi. Ba gaba, ba baya. Karanta."

Ta wuce ni, ta zauna a bakin gado, ta tsiyaya a marfin filas. Ruwan ƙasa-ƙasa ne mai kumfa. Ko daga ƙofa na san ƙamshin, ni da na buɗe kwalba ta fi ɗari. Na buɗe baki, Umma ta mintsine ni a cinya har sai da na ga taurari. A gidanmu yaro ba ya musu da Gwaggo sau biyu, matar ƙane kuwa ko sau ɗaya.

"Tanimu, karɓi."

Na ga hannun Baba ya ɗago da kansa, yadda ya saba ɗagowa tun yana yaro. Ba a hana ni motsi ba, magana aka hana ni. Sai na matsa ƙarshen gado na yaye zanen da aka rufa masa a ƙafa.

Gwaggo ba ta taɓa ganin ƙafar a buɗe ba, kullum a rufe take tararwa. Ta ga baƙaƙen yatsun, ta ga kumburin, ta ga layin. Duk da haka ba ta sauke marfin ba.

"Haka Inna ta rame ina kallo," ta ce, muryarta ta sauya. "Ba ni da ko na madara a lokacin. Yanzu ina da shi, a ce in zauna in zuba ido? Sha, Tanimu."

Ban taɓa jin wannan labari ba. Duk haushinta da nake ji sai ya rasa wurin zama.

Baba ya mayar da hannunsa kan cinya. Bai dube ta ba, layin yake kallo.

"Yaya, na sani. Babu abin da kika taɓa ba ni na ƙi. Amma dubi nan. Aikina ne, na san abin da ke biyo bayan layi. In aka ja, almakashi ne ya rage. Ki yafe mini. Ba zan sha ba."

Majinyatan nan masu ƙirga duk suka koma kallon silin. Gwaggo ta mayar da abin cikin filas a hankali, ko ɗigo bai zuba ba, ta murɗa marfi, ta gyara mayafi, ta fita ba sallama. Baba ya juya fuska bango. Umma ta rufe ƙafar, ta kuma mintsine ni, amma wannan karon ba zafi.

Kwana da kwanaki ba mu ga Gwaggo ba. Baba ba ya tambaya, amma duk wanda ya turo ƙofa sai ya ɗaga kai. Ana nan allurai suka fara kama jikinsa, lambar gwajin safe ta fara saukowa, Madam Rifkatu ta fara yi mini murmushi da rabin baki. Kumburin ya tsaya. Bai koma ba da farko, ya dai tsaya, kamar akuyar da ta zo bakin kwalbati tana shawara. Sannan fatar ta fara yamushewa.

Ranar da aka sa za a shiga da Baba tiyata, sai ga Gwaggo da ƙullin zogale da shuwaka a ka, kamar ta sauke gona. Ta dire a gabana.

"Ɗan sanda, ga ganye. Juya shi ka gani ko sun rubuta suga a bayansa."

Na juya ganye ɗaya, na ƙura masa ido da tabaran Baba, na ce ya wuce. Ta ce wa matar mai gadon kusa ai ita tun farko ganye ta ce a ba shi, yaran zamani ne suka cika shi da kayan kwalba. Ba wanda ya musa. Ni ma da nake da hujja na yi shiru, don rabin maganar gaskiya ce.

Wanda duk yake da mai ciwon suga a gida, ga abin da zan ce masa, ni da na koya a kan ƙafar ubana. Kwashe gwangwanin suga ba shi ne daina suga ba. Abin da duk aka kawo a kwalba ko kwali ko leda, a juya shi kafin a buɗe. In ba mai karantawa, a tare ɗan makaranta a hanya, amma a tabbata ba ya cikin wata gasa. Masu zuwa dubiya kuma, don girman Allah ku zo da addu'arku da ganye. Mara lafiya ba zai iya ce muku a'a ba, kunyarku yake ji.

Harafin nan bai taɓa fitowa ba. Gasar ta ƙare ban ji wanda ya ci ba a duk Samaru, marafan na ba yaran layinmu suna buga ƙwallo da su a ƙasa. An cire wa Baba babban yatsa da na kusa da shi. Kumburin bai taɓa layin ba. Bayan an sallame mu Umma ta sa sabulu ta wanke biron da hannunta. Yana yi wa kansa allura kowace safiya, ya koma shago bayan Sallah da Kirsimeti sun wuce, yana taka feda da dunduniyar dama da tafin hagu. Wandon makarantar da ke jikina yanzu da ƙafar ya ɗinka shi.